Pakistan: iyakar da ta raba gona da ruwa

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san yadda abin yake. Gida ɗaya ne, rijiya ɗaya. Ran da aka ce a raba, sai rijiya ta faɗa gefen wa, garka ta faɗa gefen ƙane. Irin wannan rabo aka yi a nahiyar Asiya cikin shekara ta 1947. Sai dai gidan da aka raba, mutane wajen miliyan 400 ke cikinsa. Sunan gidan Indiya.

Turawan Ingila sun yi kusan shekara 200 suna riƙe da ƙasar Indiya. Mafi yawan mutanenta mabiya addinin Hindu ne. Musulmi kuwa, in aka ɗauki mutum huɗu, ɗaya nasu ne. Akwai kuma mabiya addinin Sik, waɗanda suka fi yawa a lardin Panjab. Da lokacin tafiyar Turawa ya gabato, sai shugabannin Musulmi suka shiga tunani. In aka ce ƙuri'a ce za ta ba da mulki, ai mai rinjaye shi zai riƙa ci kullum. A shekara ta 1940, a birnin Lahor, jam'iyyarsu ta nemi a ware wa Musulmi wuraren da suka fi yawa. Jagoransu wani lauya ne, Muhammad Ali Jinna. Aka yi shekara bakwai ana ja-in-ja, har jini ya zuba. Daga ƙarshe aka yarda da rabo. Ran 14 ga watan Agusta 1947, cikin goman ƙarshe na watan azumi, aka haifi ƙasar Pakistan. Kashegari Indiya ta yi nata bikin ƴancin kai.

Sabuwar ƙasar yanki biyu ce. Ɗaya na yamma, ɗaya na gabas. Tsakaninsu akwai ƙasar Indiya mai faɗin kilomita 1,600. Mutumin gabas ba ya zuwa wurin ɗan'uwansa na yamma sai ta jirgin sama, ko kuwa ya yi kwanaki cikin jirgin ruwa yana kewaye Indiya.

Baƙon da ya ja layi

Larduna biyu manya, Panjab a yamma da Bangal a gabas, su ne aka tsaga biyu, domin Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba a cakuɗe suke cikinsu. Aka ɗauko wani lauya daga Ingila mai suna Siril Radkilif aka ce ya ja iyaka. Bai taɓa taka ƙasar Indiya ba. Ya sauka ran 8 ga watan Yuli, aka ba shi mako biyar. An haɗa shi da alƙalai ƴan ƙasa, rabi Musulmi, rabi ba Musulmi ba, amma ba su daidaita a kan kome ba. Sai ya zauna da taswira da takardun ƙidayar jama'a ta 1941, ya yanke hukunci shi kaɗai.

Taswira ba ta nuna wa mutum inda rijiyar gari take, ko burtalin da shanu ke bi. Layin ya ratsa gonaki, ya ratsa hanyar jirgin ƙasa, ya raba ƙauye da kasuwarsa. Lahor ta faɗa Pakistan, Amritsar ta faɗa Indiya, alhali tsakaninsu bai fi kilomita 50 ba. Garin da aka haifi wanda ya kafa addinin Sik ya faɗa cikin ƙasar Musulmi. Wani abin mamaki, ba a bayyana iyakar ba sai ran 17 ga Agusta, bayan an gama biki. Wato akwai ƙauyukan da suka ɗaga tuta ba su san ƙasar da suke ciki ba. Shi kuwa lauyan ya koma gida, bai sake dawowa ba har ya mutu.

Hijira

Da iyaka ta fito, sai tsoro ya shiga kowa. Musulmin da ya wayi gari a gefen Indiya ya ɗaure kaya ya nufi yamma. Hindu da Sik da suka wayi gari a gefen Pakistan suka nufi gabas. Mutanen da suka bar gidajensu sun kai miliyan 14 ko fiye. Duniya ba ta taɓa ganin ƙaura irin wannan cikin ɗan lokaci haka ba.

Masu hali sun shiga jirgin ƙasa ko kamyo. Manoma kuwa a ƙasa suka tafi. Sai ka ga ayari ɗaya mai mutum dubu 30 ko dubu 40, da amalanken shanu, da ɓaunar gida da suke tatsa, da awaki, tsofaffi a kan gadon igiya an ɗauko su a kafaɗa. Wani lokaci ayarin Musulmi da na Sik su yi kiciɓis a hanya, waɗannan za su inda waɗancan suka baro.

Kisa aka yi ta kowane gefe, ba wanda hannunsa ya fita da tsabta. An tare jiragen ƙasa an karkashe na ciki, jirgi ya iso tasha da gawawwaki, a Lahor haka, a Amritsar haka. An sace mata dubbai. Cikin watan Satumba ruwan sama ya sauko da ƙarfi, koguna suka yi ambaliya, suka ci mutane da bisashe a kan hanya. Cutar zawo da amai ta shiga sansanonin ƴan gudun hijira. Masu lissafi sun saɓa a kan yawan waɗanda suka mutu: wasu na cewa dubu 200, wasu har miliyan 2, da yawa na tsayawa wajen miliyan 1.

Bisashe ma sun sha tasu. Ayari in ya wuce, ba ya barin ciyawa ga na bayansa. Sa na huɗa, wanda shi ne dukiyar manomin Panjab, ya faɗi don yunwa, ko a sayar da shi a kan kuɗin da bai kai na akuya ba.

Ƙidayar 1951 ta nuna mutum sama da miliyan 7 suka shigo Pakistan. A yankin yamma, cikin mutum biyar ɗaya baƙo ne. Ana kiransu Muhajir, wato masu hijira. Birnin Karaci, inda gwamnati ta zauna, mutanensa wajen dubu 400 ne kafin rabo. Kafin shekara huɗu sun haura miliyan 1, da yawa cikin bukkokin tabarma da buhu. Kuma kada a manta, Musulmi wajen miliyan 35 ba su tashi ba, sun zauna a Indiya.

Ga gona, ba ɗan kasuwa

Aikin farko da ya hau kan gwamnati shi ne ta zaunar da waɗannan bayin Allah kafin lokacin shukar alkama ya wuce. A Panjab ana shuka alkama cikin watan Oktoba da Nuwamba. In aka rasa wannan shuka, yunwa ce baɗi. Sai aka shiga raba gonakin da Hindu da Sik suka bari, ana ba kowane gida ɗan abin da zai riƙe kansa. A wajen Layalpur, wanda yanzu ake kira Faisalabad, Sikawa sun bar gonaki masu kyau ƙwarai. Manoman da suka zo daga gabashin Panjab harshensu ɗaya da mutanen wurin, noman ma iri ɗaya suka sani. Wannan ya sa suka zauna da sauri, kuma shi ya ceci ƙasar.

Amma rabon bai tafi a kan gaskiya ko'ina ba. Takardun gonakin da mutum ya baro suna can ƙetaren iyaka. Mai baki da sani a biro sai ya ce ya baro gona goma, alhali ɗaya ya baro. Talakan da bai san kowa ba ya yi shekaru yana yawo da takarda. Manyan masu ƙasa, waɗanda mutum ɗaya ke da ƙauyuka da dama, suka ƙara a kan abin da suke da shi. Su ne kuma suka cika majalisa, don haka maganar rage musu gona ta daɗe ba ta motsa ba. A yankin gabas an soke mulkin manyan masu ƙasa tun 1950. A yamma sai a 1959 aka sa doka, ita ma ta bar wa mutum ɗaya wajen hekta 200 na gonar ban ruwa.

Akwai wata matsala da manomi bai zata ba. A yammacin Panjab da lardin Sind, masu shaguna, da masu sayen amfanin gona, da masu ba da bashi, da masu injin gurzar auduga, galibinsu Hindu ne. Duk sun tafi. Da farko wasu manoma sun yi murna, domin bashin da ke kansu ya bi mai shi. Murnar ba ta daɗe ba. Auduga ta nuna, ba mai saye, injin gurza a kulle. Lokacin shuka ya zo, ba mai ranta kuɗin iri. Bankuna ma haka: rassa 631 ke cikin ƙasar lokacin rabo, kafin tsakiyar 1948 saura 195. Yankin yamma na noma auduga mai yawa, amma cikin masaƙu 394 na tsohuwar Indiya, 14 kaɗai suka faɗo wa Pakistan. Ga kaɗa jibge, tufa kuwa sai an sayo daga waje.

Gwamnati ba kujera

Indiya ta gaji birnin Dilli da gine-ginensa da takardunsa da ma'aikatansa. Pakistan kuwa daga ƙasa ta fara. A Karaci, ma'aikatu sun buɗe cikin barikin soja da rumfunan kwano. Akawu na zaune a kan akwati, wani akwatin ne teburinsa. Tsofaffin ma'aikata na ba da labarin yadda suka riƙa haɗa takardu da ƙayar bagaruwa. Manyan ma'aikatan mulki na tsohuwar Indiya sun haura dubu, amma Musulmin da suka zaɓi Pakistan cikinsu ba su cika 100 ba. Dole aka riƙe Turawa. Larduna uku cikin huɗu Bature ne gwamnansu, shugaban soja ma Bature ne har 1951.

Sai maganar kuɗi. An yi alkawarin ba Pakistan rupi miliyan 750 daga baitulmalin da aka bari. Aka ba ta miliyan 200, aka riƙe 550, domin yaƙi ya riga ya tashi tsakanin ƙasashen biyu, Indiya na cewa da kuɗin za a sayi bindigar da za a harbe ta. A nan wani tsoho ya yi abin da tarihi ya riƙe. Mahatma Gandi, babban jagoran ƴancin Indiya, shi kansa Hindu ne. Ran 13 ga Janairu 1948 ya daina cin abinci. Ya ce ba zai ci ba sai an bar kashe Musulmi a Dilli, kuma ya nuna riƙe kuɗin nan cin amana ne. Cikin kwana uku gwamnatin Indiya ta saki kuɗin. Ran 30 ga watan, wani Hindu mai tsattsauran ra'ayi ya harbe shi, yana zarginsa da goyon bayan Musulmi.

Wajen kayan soja ma an yi rabon kura. Ma'aikatun ƙera makamai 16 ke akwai, duk suna gefen Indiya. Takardar kuɗi kuwa, ta Indiya aka ci gaba da kashewa, daga baya aka riƙa buga sunan gwamnatin Pakistan a kanta. Sai ran 1 ga Yuli 1948 ƙasar ta buɗe babban bankinta.

Yaƙin da aka ambata, a kan Kashmir ne. Ƙasa ce ta duwatsu masu ƙanƙara a arewa. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, sarkinta Hari Sing kuwa Hindu. Ya tsaya yana jinkiri, bai shiga nan ba, bai shiga can ba. Cikin Oktoba 1947 mayaƙan ƙabilu daga gefen Pakistan suka kutsa, sai ya sa hannu ya bi Indiya, sojan Indiya suka sauka. Aka gwabza har 1 ga Janairu 1949, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da wuta. An ce za a tambayi mutanen Kashmir abin da suke so ta hanyar ƙuri'a. Har yau ba a yi ba. Makiyayan wurin, Gujar da Bakarwal, sun saba hawa duwatsu da awaki da tumaki in zafi ya zo, su sauko in sanyi ya kama. Layin da soja suka tsaya a kansa ya datse wasu hanyoyin nasu, makiyayar da kakanni suka sani ta koma bayan bindiga. Tun daga nan soja ke cinye fiye da rabin kuɗin gwamnatin tsakiya a shekarun farko. Abin da za a gina lakwal da gidan likita da shi, can ya tafi.

Rama a gabas, inji a Kalkata

Yankin gabas daban yake da na yamma. Ƙasar ruwa ce da koguna, shinkafa da kifi ne abincinsu, kuma sun fi na yamma yawa: wajen miliyan 42, na yamma wajen miliyan 34. Abin da suke nomawa don kuɗi wani tsiro ne dangin lalo, mai tsawo, wanda ake jiƙawa a ɓare bawonsa kamar rama. Da shi ake saƙa buhun algarara, irin wanda ake ɗura gyaɗa. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan rama a duniya daga gabashin Bangal yake fitowa. To amma masaƙun buhu, sama da 100, duk suna kewayen Kalkata, Kalkata kuwa ta faɗa Indiya. Ko ɗaya babu a gefen manoman.

Shekara biyu ana lallaɓawa. A watan Satumba 1949 Ingila ta karya darajar kuɗinta, Indiya ta bi ta, Pakistan ta ƙi. Sai ya zama rupi 100 na Pakistan daidai yake da 144 na Indiya. Indiya ta ce ba ta saye a haka. Ciniki ya tsaya cik. Indiya ta hana gawayin da jiragen ƙasa na Pakistan ke ci. Manomin Bangal yana zaune da damin rama, farashi ya faɗi, wanda ke kusa da iyaka ya riƙa fasa-ƙwauri da dare cikin kwalekwale. Abin da ya kawo sauƙi daga nesa ya zo: yaƙi ya ɓarke a Koriya a 1950, duniya ta shiga neman buhu da auduga ido rufe, kuɗi suka shigo. A 1951 Indiya ta yarda da farashin, kuma a shekarar aka fara aiki a babbar masaƙar buhu ta Adamji kusa da Daka.

Sai dai mutanen gabas suka lura da wani abu. Ramarsu ce ke kawo mafi yawan kuɗin waje, amma gine-gine da masana'antu da manyan muƙamai a yamma suke taruwa. Kan wannan ciwo aka zo aka ɗora maganar harshe. Mutanen gabas Bangalanci suke yi, harshe mai rubutunsa da littattafansa tun da daɗewa. A watan Maris 1948 Jinna ya je Daka, ya ce Urdu kaɗai zai zama harshen gwamnati. Urdu kuwa, waɗanda suka sha shi a nono ba su kai mutum ɗaya cikin goma ba. Ku duba abin da wannan ke nufi ga talaka: takardar kuɗi, da tambarin gidan waya, da jarrabawar neman aiki, duk cikin harshen da bai iya karantawa. Ran 21 ga Fabrairu 1952 ɗalibai suka fito zanga-zanga a Daka, ƴan sanda suka buɗe wuta, aka kashe wasu. A 1956 aka amince da harsunan biyu, amma zuciya ta riga ta ɓaci. Wannan rana ta 21 ga Fabrairu ita ce hukumar UNESCO ta keɓe tun 1999 ta zama ranar harshen uwa a duniya.

Waɗanda za su iya ɗinke ɓarakar ba su yi tsawon rai ba. Jinna ya daɗe yana ɓoye ciwon huhu, ya rasu ran 11 ga Satumba 1948, wata 13 bayan ƴancin kai. Firayim Minista Liyaƙat Ali Khan, an harbe shi wurin taro a Rawalpindi ran 16 ga Oktoba 1951. Na bayansu suka yi ta gardama: wane matsayi Shari'a za ta samu, kujeru nawa gabas za ta samu, nawa yamma? Shekara tara aka yi kafin a rubuta tsarin mulki a 1956. Bayan shekara biyu soja suka ture shi. A 1971, bayan mummunan yaƙi, yankin gabas ya ɓalle ya zama ƙasar Bangaladash. Salla ɗaya suke yi da alƙibla ɗaya, amma wannan bai hana su rabuwa ba da aka rasa adalci wajen rabon arziki da mulki.

Ran da aka rufe ruwa

Cikin dukan wahalhalun nan, akwai wadda ta fi tsaya wa manoman yankin yamma a rai. Don a gane ta, sai a koma shekara ta 1948, a kuma san yadda ƙasar take.

Yammacin Pakistan busasshiyar ƙasa ce. A kudancin Panjab da Sind, wurare da yawa ruwan saman da suke samu a shekara bai kai milimita 200 ba, wato bai kai na Tawa ba. Da damina kaɗai aka dogara, da ba a noma kome. Abin da ke raya ƙasar babban kogi ne mai suna Indus, da wasu biyar da ke zuba cikinsa: Jelum, Cenab, Rabi, Biyas da Satlej. Ma'anar kalmar Panjab ma ke nan, ruwa biyar. Daga ƙanƙarar duwatsun arewa suke gangarowa. A zamanin Turawa an datse kogunan, an haƙa manyan hanyoyin ruwa, wato kanal, masu tsawon kilomita dubbai, jeji ya koma gonar alkama da auduga da rake. Wanda ya ga noman rani a Jiratawa ko Ƙonni ya san cewa mai riƙe da bakin ƙofar ruwa shi ke da gonar kowa.

To, layin lauyan nan ya bar wasu bakin ƙofofi biyu a gefen Indiya, ɗaya a Madopur a kan kogin Rabi, ɗaya a Firozpur a kan Satlej. Gonakin da suke shayarwa kuwa da yawansu na gefen Pakistan. An yi yarjejeniyar wucin gadi cewa ruwa zai ci gaba da tafiya yadda ya saba har 31 ga Maris 1948. Ranar ta zo ta wuce, ba a sabunta ba. Kashegari da safe, ran 1 ga Afrilu, hukumar gabashin Panjab ta rufe ƙofofin.

Lokacin kuwa shi ne mafi muni. Afrilu watan zafi ne can kamar nan, kuma a lokacin ake shirin shuka auduga. Kanal ya ƙafe, laka ta tsattsage. Gonaki sama da hekta dubu 600 suka rasa ruwa. Kanal ɗin da ke ratsa birnin Lahor ya bushe. A wasu wuraren ruwan rijiya gishiri ne, mutum da dabba duk daga kanal suke sha. Da yawa cikin masu gonakin nan ƴan hijira ne da ba su cika wata takwas da zama ba. Sun rasa gida a bara, ga shi bana suna kallon gonar da aka ba su tana ƙonewa.

Wajen wata guda aka yi haka. Wakilan Pakistan suka tafi Dilli, ran 4 ga Mayu aka sa hannu a takarda, ruwa ya dawo, amma da sharaɗin biyan kuɗi. Indiya na cewa ruwan da ke cikin ƙasarta nata ne, ita ma tana da busassun gonaki da ƴan gudun hijirar da za ta ciyar. Pakistan na cewa wanda ya daɗe yana sha daga kogi ba a yanke masa don an ja layi bisa kansa. Kowa da hujjarsa. Sai dai na ƙasan kogi shi ke kwana da fargaba, kuma wannan ya ƙara wa rikicin Kashmir zafi, tunda Indus da Jelum da Cenab duk ta can suke biyowa.

Mutanen Lahor ba su tsaya jiran takarda ba. A shekarar aka fara haƙa sabon kanal a gefen iyaka, wanda zai ɗauko ruwa daga wajen Cenab ya kawo inda aka yanke. Ƴan gari da ɗalibai da manoma suka fito da shebur da kwando suna aikin gayya. Ko da haka, ƙarancin ruwa da fari sun sa alkama ta kasa a 1952 da 1953, har ƙasar da ake kira rumbun Indiya ta karɓi taimakon alkama daga Amurka.

Bankin Duniya ya shiga tsakani. Aka fara zama a 1952, aka yi shekara takwas ana ciniki. Da farko an so ƙasashen biyu su riƙa kula da kogunan tare, abin ya faskara. Sai aka koma ga raba kogunan su kansu. Ran 19 ga Satumba 1960, a Karaci, Firayim Ministan Indiya Nehru da shugaban Pakistan Ayub Khan suka sa hannu. Koguna uku na gabas, Rabi da Biyas da Satlej, suka zama na Indiya. Uku na yamma, Indus da Jelum da Cenab, aka bar wa Pakistan, Indiya na iya ɗan amfani da su kamar wajen samar da lantarki, amma ba ta tare su ba.

Wannan ya bar wa Pakistan babban aiki, domin gonakin da ke sha daga kogunan gabas sai an kawo musu ruwa daga yamma. Aka ba da shekara goma kafin a yanke. Ƙasashe da dama suka tara kuɗi, Indiya ma ta ba da fam miliyan 62. Aka haƙa manyan kanal takwas masu ɗaukar ruwa daga wannan kogi su zuba cikin wancan. Aka gina madatsar Mangala a kan Jelum, aka gama a 1967, sannan ta Tarbela a kan Indus a 1976. Manoman da ke bakin Satlej da Rabi kuwa sun ga kogin kakanninsu ya koma rairayi mafi yawan shekara, masunta suka nemi wata sana'a.

Ƙasashen biyu sun sake yaƙi a 1965 da 1971 da 1999, amma ko ana harbi ba a taɓa yarjejeniyar ruwan ba. A watan Afrilu 2025, bayan wani hari da aka kashe mutum 26 a Kashmir, Indiya ta ce ta jingine ta. Pakistan ta ce duk wanda ya tare mata ruwa ya ja ta da yaƙi. Mutanen ƙasar a ƙidayar 2023 sun haura miliyan 240, kuma mafi yawan alkamar da suke ci da ruwan kanal ake noma ta.